Yadda Layi Ya Koma Lamba a Teburin Masu Zanen Gini da Inji

A kowane ofishin da ake zana gini ko inji a yau, akwai wani ɗan aiki da ake maimaitawa ba adadi a wuni guda, har ya zama ba wanda yake tsayawa ya dube shi. Mai zane zai zaɓi bango, ko ƙofa, ko ramin da noti zai shiga, ya ba manhajar kwamfuta umarnin matsarwa, ya nuna mata ɗigon da za ta riƙe abin da shi, sannan ya buga lamba. A AutoCAD, manhajar da ta fi shahara a wannan sana'a, umarnin shi ne MOVE. Idan aka rubuta @250,0 bangon zai gusa dama da awo 250 cif-cif, ba zai hau sama ko ya sauko ƙasa ba ko da ƙwayar zarra. Idan aka rubuta @100<45, sai ya yi tafiyar awo 100 a kan kusurwa mai digiri 45. Duk abin bai wuce daƙiƙa uku ba. Masu koyo sukan ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikin dabarun saurin aiki da ake haddacewa a makon farko, su ma masu koyarwa da dama haka suke gabatar da shi. Hujjar da nake son kafawa ita ce, a wannan ɗan umarni ne aka kashe wata takaddama ta kusan shekara 200 tsakanin layin da hannu ya ja da lambar da aka rubuta a gefensa, kuma wanda bai san tarihin takaddamar ba yana iya shekara goma a gaban kwamfuta yana aiki da tunanin zamanin fensir.

A zamanin allon zane da fensir da rula, layi daban yake, lamba daban, kuma kowa a sana'ar ya san lamba ce ke da ta cewa. Dalilin a fili yake ga wanda ya yi ɗan lissafi. Zanen gida akan yi shi ne a kan ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a takarda yana wakiltar mita ɗaya a ƙasa. Fensirin da kaurin bakinsa rabin milimita ne, idan ya ja layi a irin wannan zane, kaurin layin kaɗai ya ci santimita biyar na fili. Ke nan tun kafin hannu ya yi rawa ko ido ya yi kuskure, layin da kansa ya riga ya haɗiye tazarar da ta isa ta hana ƙofa shiga mazauninta. Ga takardar ita ma ba ta da tabbas: tana kumbura idan iska ta yi laima, ta tsuke idan ta bushe, saboda haka zanen da aka yi da damina ba zai ba da awo ɗaya ba idan aka aza masa rula da hunturu. Kwafin da ake kai wa ma'aikata kuwa ya fi muni. Shuɗin kwafin nan da aka daɗe ana amfani da shi, wanda ya samo asali daga hanyar da John Herschel ya gano a Ingila a 1842, sai an wanke shi da ruwa an shanya kafin hoton ya zauna, kuma takardar da aka jiƙa aka busar ba ta komawa girmanta na farko. Shi ya sa aka wayi gari kusan kowane zanen injiniya yana ɗauke da gargaɗi a gefe cewa kada a auna zanen, a bi lambar da aka rubuta.

Inda wannan rabuwa ta fi fitowa fili shi ne ranar da aka ce a matsar da wani abu. A ce mai gida ya dawo ya ce a gusar da ƙofar falo da santimita 25. Idan zanen na tawada ne a kan takarda mai shara-shara, sai mai zane ya ɗauko reza ya kankare ƙofar a hankali don kada takardar ta huje, ya kankare layukan awon da ke jikinta, ya sake ja, sannan ya bi sauran shafukan da ƙofar ta fito a ciki ɗaya bayan ɗaya, da na fuskar gida da na wayoyin lantarki da na ruwa. Aikin yini guda ne, wani lokaci ma fiye. Saboda haka sana'ar ta yarda da wata gajeriyar hanya: a bar layin inda yake, a goge lambar kaɗai a rubuta sabuwa, a ja mata layi a ƙarƙashi don mai karatu ya san hoton da lambar sun saɓa. Har ƙa'idojin zane na ƙasa da ƙasa sun amince da wannan alama. Wannan ɗan layi da ake ja a ƙarƙashin lamba ya cancanci a tsaya a kansa, domin da shi masu sana'ar suka amsa da bakinsu cewa zane ba ya iya riƙe amanar awo. Aikinsa kawai ya nuna wa ma'aikaci inda zai nemi lamba.

Kowane ɓangare a wannan takaddama yana da kakansa, kuma dukansu Faransawa ne. Kakan lamba shi ne René Descartes, wanda a littafinsa na 1637 ya nuna cewa ana iya mayar da layi ko da'ira su zama lissafi, a bayyana matsayin ɗigo da alƙaluma. Lambobi biyun da ke cikin @250,0, ɗaya ta kwance ɗaya ta tsaye, daga tsatson wannan tunani suka fito. Kakan layi kuma shi ne Gaspard Monge. Yana saurayi yana aikin zane a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, sai aka ba shi lissafin yadda za a tsara ganuwa ta kare sansani daga harbin abokan gaba, aikin da aka saba ɗaukar dogon lokaci ana fama da shi da alƙaluma. Ya warware shi cikin ɗan lokaci da zane, ta hanyar nuna abu mai tsawo da faɗi da kauri a shimfiɗa biyu, ɗaya ana kallonsa daga sama, ɗaya daga gaba. Sojojin Faransa suka ga amfanin abin har suka mayar da shi sirri na tsawon shekaru. Sai bayan juyin juya hali ya koyar da shi a bainar jama'a a Paris a 1795, darussan suka fito a littafi a 1799. Monge ya ɗaga darajar layi ƙwarai, tunda ya tabbatar da cewa zane yana iya yin lissafi. Sai dai ingancin lissafin nasa yana tsayawa ne inda kaifin fensir ya tsaya, su kuwa masana'antun da ke tasowa a daidai wannan lokaci sun fara neman abin da ya fi bakin fensir kaifi.

A 1785 wani maƙerin bindigogi mai suna Honoré Blanc ya nuna cewa ana iya ƙera kunamar bindiga ta yadda gunduwar wannan za ta shiga waccan ba tare da an goga ba, kuma Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, ya gani ya rubuta wa gida labari. A Landan, Henry Maudslay ya ƙera ma'aunin da ke rarrabe kashi ɗaya cikin dubu goma na inci. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya kawo shawarar daidaita haƙoran noti a 1841, don notin Manchester ya ɗauru a kan ƙarfen Glasgow. Faransa ta ajiye sandar mita a 1799, amma sai a 1959 ƙasashen da ke aiki da inci suka haɗu a kan cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne ba ragi ba ƙari. Abin da ke tura duk wannan abu ɗaya ne: an raba mai tsara abu da mai ƙera shi, ɗaya yana wannan gari ɗaya yana wancan. Maginan ƙasar Hausa na dauri, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun tayar da bakan gizo da daurin guga masu ban mamaki da kamu da taki da ido, kuma ba su rasa komai ba, domin mai tunanin ginin yana tsaye a wurin, shi ke duba kowane tubali da kowace azara. Ranar da mai tunanin ya koma ofis, ya zama takarda ce za ta yi magana a madadinsa ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, ranar ce lamba ta zama dole.

Akwai kuma siffofin da lamba 'yar kaɗan ba ta iya bayyana su, kamar cikin jirgin ruwa da fiffiken jirgin sama. Su waɗannan sai aka riƙa zana su da girmansu na gaskiya a daɓen wani makeken ɗaki, mutane suna rarrafe da alli da siraran sanduna masu lanƙwasa da ake danne su da dalma. Masu ƙera jiragen sama har suka koma yin zanen a kan farantan ƙarfe saboda takarda ba ta da amana. Wannan ita ce iyakar da layi ya iya kaiwa.

Mutane da yawa suna zaton an shigo da kwamfuta ɗakin zane ne don a hutar da masu zane ko a ƙara musu sauri. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, domin matsin ya taso ne daga wurin yankan ƙarfe. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons, na wani kamfani a jihar Michigan da ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, tare da injiniyansa Frank Stulen, sun yi amfani da injin lissafi mai aiki da kati mai huji suka fitar da matsayin ɗigo masu yawa a gefen fiffike. Sai a kai jerin lambobin wurin injin yanka, mutum ɗaya yana karantowa, mutum biyu suna juya hannayen injin, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye. Wannan shi ne umarnin matsarwa da hannun ɗan Adam: je nan, yanka, gusa kaza, yanka. Rundunar sojan saman Amurka ta sa kuɗi a aikin a 1949, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin yankan ƙarfe da ke karanta umarni daga tef mai huji ba tare da kowa ya juya masa hannu ba. Irin wannan inji ba ya ganin hoto, ba ya fahimtar nufin mai zane, ba ya cewa “wataƙila ga abin da yake nufi” kamar yadda gogaggen maƙeri zai yi. Lamba kaɗai yake ci. Daga nan tambaya ta zama: tunda ƙarshen aikin lamba ce, me zai sa a fara da hoto sannan a zauna ana fassara shi da hannu? Ita wannan tambaya ce Douglas Ross ya bi a MIT da harshen umartar inji na APT, ita ce kuma Paul de Casteljau a kamfanin Citroën da Pierre Bézier a Renault suka bi lokacin da suke neman hanyar rubuta lanƙwasar jikin mota da lissafi.

Wanda ya fara haɗa hoton da lambar a wuri ɗaya a gaban ido shi ne Ivan Sutherland, a aikin digirinsa na uku a MIT a 1963, manhajar da ya kira Sketchpad. Yana zane ne da wani alƙalami mai gane haske a kan ƙaramin gilashin kwamfutar TX-2. Abin da ya sa aikin ya zama mafari shi ne, abin da kwamfutar ke ajiyewa lambobin ɗigon farkon layi da na ƙarshensa ne, hoton da ake gani kuwa daga su ake haifar da shi duk lokacin da aka buƙata. Sutherland ya san hannu yana rawa, don haka ya sa alƙalamin ya riƙa cafke ƙarshen layi idan ya matso kusa da shi. Ya kuma ba mai zane damar gindaya sharaɗi, ya ce waɗannan layuka biyu su zama tsawonsu ɗaya, ko wannan ya tsaya a tsaye a kan wancan, kwamfuta ta gyara karkataccen zanen ya cika sharaɗin. Ma'anar wannan ita ce, an karɓe hukuncin daidaito daga hannu da ido an miƙa wa lissafi. A 1988 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fagen ilimin kwamfuta.

Kusan shekara ashirin da suka biyo bayan Sketchpad abin ya zauna ne a hannun manyan kamfanonin mota da na jirgi, saboda na'urorin suna cin dubban ɗaruruwan daloli. A 1982 John Walker da abokansa suka kafa Autodesk, suka fito da AutoCAD a ƙarshen shekarar a kan dala 1,000, yana aiki a ƙaramar kwamfutar tebur. Wani zaɓi da aka yi a ginin manhajar shi ya fi komai tasiri ga zancenmu: ana ajiye kowane matsayi da lamba mai alƙaluma kusan goma sha biyar zuwa sha shida. Don nuna abin da wannan ke nufi, kamfanin ya riƙa raba wani zane na rana da duniyoyin da ke kewaye da ita a bisa girmansu na gaskiya, wanda mutum zai yi ta kusantowa har ya iso wata, har ya karanta rubutun da ke jikin kumbon da ya sauka a can. Da irin wannan faɗi, ba sauran dalilin ƙanƙanta gini kafin a zana shi. Bangon mita 12 ana zana shi mita 12, ma'aunin 1:100 sai ranar bugawa a takarda. Lambar awon da ke gefen bango kuma manhaja ce ke karanto ta daga jikin layin, idan layin ya gusa ita ma ta canza. A takarda lamba ce gaskiya, layi yana kwatanta ta. A kwamfuta layin shi ne lambar, kuma ba wani wuri dabam da aka ajiye gaskiya da za a koma gare shi idan layin ya kauce.

A nan ne nauyin ya faɗo a wuyan mai zane, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Fuskar kwamfuta tana yaudarar ido. Idan gini mai tsawon mita 30 ya cika gilashi mai ɗigo 1,920 a kwance, kowane ɗigo ɗaya na gilashin ya haura santimita ɗaya da rabi a ƙasa. Mai zanen da ya kama bango da linzami ya ja shi har ya ga “ya yi daidai” ya matsar da shi ne da 247.3862 ko 253.0917, kuma idan an saita manhajar ta riƙa taƙaita lambobi, ba lalle ya ga ɓarnar ba. Yana kama da mai awon hatsi da tafin hannu alhali ga mudu a gefensa. Kayan aikin da manhajar ta tanada duk don rufe wannan ƙofa ne: cafke ƙarshen layi ko tsakiyarsa ko cibiyar da'ira a matsayin ɗigon riƙo, kulle tafiya a kwance ko a tsaye da maɓallin F8 sannan a buga tazara, da alamar @ mai cewa a ƙirga daga inda ake tsaye maimakon daga asalin zanen. Wanda ya yi watsi da su zai tarar kusurwar ɗaki ba ta haɗu ba da tazarar da ido ba ya gani, lissafin faɗin ɗakin ya ƙi fita, injin yankan ƙarfe ya tsaya a tsakiyar aiki don layin da yake bi ya katse. Mafi muni shi ne wanda ya ga lambar ba ta yi masa daɗi ba ya goge ta ya rubuta 250 da hannunsa. Ya dawo da tsohuwar gajeriyar hanyar zamanin reza, amma ba tare da layin gargaɗin da na da suke ja a ƙarƙashi ba, kuma duk wanda ya gaji fayil ɗin zai gina nasa aikin a kan ƙarya.

Mai suka zai ce wannan tsanani ne marar amfani. Birkila yana aiki da tef da igiya da kwano, bulo ɗaya ba ya zama daidai da ɗan'uwansa, filasta kaɗai tana cin fiye da santimita guda, to me milimita uku za su ɓata? Akwai gaskiya a maganar, domin babu abin da ake ƙerawa a duniya da ke fita daidai da lambar zane, kuma saboda haka ne injiniyoyi suke rubuta iyakar kaucewar da aka yarda da ita a gefen awo. Amma wannan rangwame na ma'aikacin da ke fama da rana da siminti ne, shi aka ware wa. Idan mai zane a cikin inuwar ofis ya cinye shi tun kafin a haƙa harsashi, me ya rage wa birkila? Sannan kuskuren zane yana hayayyafa ta hanyar da na birkila ba ya yi. Kuskuren hannun ma'aikaci yau ya faɗa dama gobe hagu, wani ya cike giɓin wani. Ginshiƙin da aka matsar da kuskuren milimita uku, aka kwafe shi sau ashirin kowanne daga na bayansa, ya kai na ƙarshe santimita shida daga inda ya kamata, duk a ɓangare guda, kuma ƙarfen rufin da aka yanko a wata masana'anta bisa lambar gaskiya ba zai hau kansa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na ganin za a iya ture ta gaba ɗaya. Ita ce cewa lamba mai alƙaluma da yawa tana sa mutum ya saki jiki, ya ɗauka tunda kwamfuta ta matsar da abin cif-cif, to wurin da ta kai shi daidai ne. Gadar Laufenburg da ke kan kogin Rhine tsakanin Jamus da Suwizalan ta isa misali. Jamus tana ƙirga tudu daga Tekun Arewa, Suwizalan daga Bahar Rum, bambancin ya kai santimita 27. Injiniyoyin sun san da haka, sun kuma yi gyaran, sai dai sun yi shi ta baibai, aka ƙara inda ya kamata a rage. Ana cikin ginin a 2003 aka ga gefe ɗaya ya saɓa wa ɗaya da santimita 54. Jirgin Airbus A380 ma ya yi jinkirin kusan shekara biyu, kuma cikin manyan dalilan akwai cewa injiniyoyin Hamburg da na Tulus suna aiki da zubi biyu mabambanta na manhajar CATIA, sai wayoyin lantarkin da aka yanka suka gaza kaiwa inda aka nufa. Ko a gida Nijeriya tarkon yana nan. Ita AutoCAD ba ta damu ba ko 250 ɗin nan milimita ce ko inci, mai zane ne ke riƙe da wannan a kansa. Ana sayar da fuloti da ƙafa 50 a 100, wato mita 15.24 a 30.48, amma sau da yawa a baki sai a ce 15 a 30, alhali tsakaninsu akwai fiye da murabba'in mita 14. Tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar kuma an ɗora su ne a kan ma'aunin Minna, na'urar GPS tana ba da nata a kan WGS 84, kuma ɗigo ɗaya a ƙasa yana iya bambanta da gomman mitoci tsakanin biyun.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da nake jawo hankali gare shi shi ne irin kurakuran. Kowannensu ya faɗo ne a ɗaya daga cikin tambayoyi ukun da umarnin matsarwa yake yi wa mai zane: daga ina za a fara ƙirga, ta wane ɓangare za a nufa, da wane ma'auni. Manhaja tana tabbatar da tazara, amma amsar waɗannan uku tana wuyan mutum. Kuma da yake kuskuren Laufenburg na lamba ne, da aka ga 54 aka san ninkin 27 ne, aka gano inda alamar ta juye, aka gyara, aka buɗe gadar a 2004. Kuskuren da aka yi da lamba yana barin sawu, ana iya bin sa har gida a warware shi da umarni ɗaya. Wanda aka yi da ido ya warwatsu a cikin zanen, kowane bango da nasa, ba mai iya cewa ga inda ya fara. Saboda haka maganin sakin jiki da lamba shi ne ƙarin bincike a kan tushenta, komawa ga ido ba zai magance komai ba.

Wasu kuma za su ce zancen ya tsufa, tunda manhajojin da suka biyo baya, daga Pro/ENGINEER a ƙarshen shekarun 1980 zuwa SolidWorks a 1995 da Revit a 2000, sun rage buƙatar kama abu a matsar. A cikinsu lambar awon ake canzawa, bangon ya tashi da kansa ya koma inda lambar ta ce, ƙofa da taga su bi shi a duk shafukan. Wannan ƙarin hujja ce gare ni, domin shi ne sharaɗin da Sutherland ya gindaya a 1963 ya kai matuƙa. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, an tsara shi gaba ɗaya a kwamfuta, aka gwada haɗuwar sassansa a can kafin a yanka ƙarfe, kuma hakan ba zai yiwu ba sai kowane sashe yana zaune a matsayin da lamba ta ajiye shi. Ba na musun cewa an yi asara a hanya. Manyan ɗakunan zane masu ɗaukar mutum ɗaruruwa sun watse, masu sana'ar kwafe zane da tawada, waɗanda a Ingila da yawansu mata ne, sun rasa abin yi, kyan rubutun hannu da ake gane gwani da shi ya zama tarihi. Akwai kuma wata natsuwa da wahalar kankare tawada take koya wa mutum, ta yin tunani sau biyu kafin a ja layi, wadda sauƙin gyara ya raunana. Wannan natsuwa ce ya kamata a ceto, kuma wurin zamanta a yau shi ne lokacin da yatsa ke kan maɓallan lamba.

Kirana ga malaman da ke koyar da zanen gini da na inji a jami'o'i da kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon kwamfuta na ƙasar nan shi ne su daina duba aikin ɗalibi a takardar da ya bugo kawai, domin takarda tana ɓoye duk abin da aka yi bayani a sama. Su karɓi fayil ɗin, su buɗe, su ƙara yawan alƙaluman da ke bayan ɗigo, su auna bango biyu ko uku, su duba ko an taɓa lambar awo da hannu. Ɗalibin da aka samu 249.6 a inda ya rubuta 250 a mayar masa da aikinsa ya sake, ko da zanen ya fi na kowa kyau a ido.